Kayan kiɗan da zan shiga aji da su: a ba ni shawara

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan zaure. An ɗora mini darasin kayan kiɗa na 'yan aji biyar, ni kuwa malamar lissafi ce. Littafin da aka ba ni duk hotunan kayan Turawa ne, yaran ko a mafarki ba su taɓa ganin irinsu ba. So nake in shiga da abin da za su taɓa da hannunsu. Me zan saya, me zan ara? Daga aljihuna kuɗin zai fito, a tausaya.

Malamin Kimiyya: Wa alaikumus salam Malama. Kafin ki sayi komai, riƙe tambaya ɗaya: idan abin ya yi ƙara, mene ne ke karkarwa a jikinsa? Ko dai fata, ko tsirkiya, ko iskar da ke ciki, ko kuma jikin abin shi kansa. Gida huɗu ke nan. Wasu masana biyu, Hornbostel da Sachs, a kan haka suka kasa kayan kiɗan duniya a 1914, kuma da rabonsu gidajen tarihi ke aiki har yau. Ki fara da sa yaran su dafa maƙogwaronsu su ce "aaa". Da sun ji motsin a yatsunsu, rabin darasin ya ƙare.

Kawu na Fagge: 'Yata, a gidan fata kada ki wuce kalangu. Ganga za ta yi miki ƙara, amma murya ɗaya gare ta. Shi kalangu, igiyoyin fatar nan da suka haɗa bakinsa biyu su ne sirrin. Makaɗi ya saka shi a hammata, in ya matse, fata ta ɗame, murya ta yi sama. In ya saki ta sauko. Da haka yake kiran sunan mutum har mutum ya waiwayo, tunda Hausa ita ma hawa da sauka take. Kunna musu kowace waƙar Shata, ki ce su bar sauraron bakinsa su bi kalangan kawai. Sannan ki barbaɗa gero kaɗan a kan fatar, ki buga gefe a hankali, su ga geron yana tsalle.

Maman Ilham: Kawu Allah ya ƙara girma, wannan na geron ya yi mini. A ina zan samu mai kyau?

Kawu na Fagge: Ara za ki yi. Ki tambayi mahautan unguwarku, kalangu ai kiɗansu ne tun asali, ba za su rasa sanin makaɗi ba. Ki ba shi na goro ya zo ajin da kansa, ya fi ki iya matse shi.

Baban Sadik: Ina bayan Kawu. Ni na taɓa sayen wani a shagon masu sayar da kayan tsaraba, ya sha fenti da ado, ana gani sai sha'awa. Da na kawo gida na matsa, igiyoyin kamar an ɗaura su don hoto, muryar ko gezau. Na koma, mai shagon ya ce ai na rataye a falo ne. Yana nan a falon kuwa har yanzu. In dole sai kin saya, ki matsa shi a gaban mai shi, ki ji murya ta canza kafin ki miƙa kuɗi. Kuma yanzu damina ce, fata tana shan danshi ta saki, a ɗan shanya shi a rana kafin a shiga aji.

Anti Larai: Ni fa ban ga abin wahalar da kai ba. Ƙwarya biyu, roba ɗaya da ruwa, an gama. Ki kife ƙwarya ɗaya a kan ruwan, ɗayar a kan tabarma, ki buga su da 'yan sanduna. Ta kan ruwa muryarta mai kauri ce, "dum dum", ta ƙasa kuwa a bushe take. Da wannan su Barmani Coge suka raya gidajen biki shekara da shekaru. Ki haɗa da caki, ko ki zuba tsakuwa a gora ki toshe.

Baban Sadik: Anti, ƙwarya ai ganga ce, gidan fata za ta.

Anti Larai: Wace fatar ka gani a jikin ƙwarya, Baban Sadik?

Malamin Kimiyya: Anti ta fi ka gaskiya. Duka dukansu ake yi, amma ba dukan ne ke raba gida ba. A ganga fata ce ke karkarwa, a ƙwarya kuwa ƙoƙon ne da kansa. Saboda haka ƙwarya 'yar gidan su kuge ce, ƙarfen nan mai baki biyu na fada, da caki, da akayau na ƙafar masu rawa. Malama, wannan gardamar ma ki jefa wa yaran, ki bar su su yi ta.

Ɗan Sitidiyo: Gidan tsirkiya nawa ne. Yaya, kuntigi za ki haɗa da kanki, ba sai kin saya ba. Na Ɗan Maraya Jos ma ai gwangwanin kifi ne aka rufe da fata, aka soka sanda, aka ɗaura tsirkiya ɗaya tal, kuma da shi ya zaga duniya. Abu uku za ki nuna musu. In aka ɗame tsirkiya murya ta hau. In aka danne ta da yatsa ta gajarce, nan ma ta hau. In mai kauri ce, murya ta yi ƙasa. Sai ki cire tsirkiyar ki ɗaure ta tsakanin kujera biyu ki taɓa, da ƙyar za a ji ta. A nan za su gane aikin gwangwanin, shi ke karɓar karkarwar ya ƙara mata ƙarfi. Aikin da ƙoƙo ke yi a gurmi da garaya ke nan.

Kawu na Fagge: Goge fa? Kada a bar goge. Shi ba da yatsa ake kaɗa shi ba, gogawa ake yi, sunan ma ya faɗa. Tsirkiyarsa gashin wutsiyar doki ce, bakan ma haka, ana shafa masa ƙaro don ya riƙa kamawa yana saki. Wannan kamu da sakin ne ke sa kukan ya miƙe ba yankewa. In aka rasa ƙaro sai baka ya yi ta zamewa, shiru kake ji. Samunsa dai zai yi miki wuya, ki nema a waya ki nuna musu.

Mushe na Maraɗi: Sannunku da hira. Ni a lakwal ɗinmu, wato makaranta, kwalabe nake amfani da su don gidan iska, kuma ban taɓa kashe ko dala ba. Kwalba uku iri ɗaya, a zuba ruwa kaɗan, rabi, da kusan cika. A hura bakin kowace: mai ruwa da yawa ita ce mai siririyar murya, don iskar da ta rage a ciki gajera ce. Sai a ɗauki cokali a buga su, abin ya juye, mai ruwa da yawa ta koma mai kauri. Ran da na fara nunawa wani yaro ya rantse na musanya kwalaben. Da hurawa iska ce ke karkarwa, da bugu kuwa kwalbar ce da nauyin ruwanta. Sarewa haka take aiki, toshe ramukanta tsawaita iskar ne, buɗewa gajarta ta. In wani ya biyo ta Yamai, gidan tarihi na Boubou Hama yana da ɓangaren kayan kiɗa, ya cancanci a leƙa.

Maman Ilham: Mushe, wannan kam gobe zan gwada a kicin. To algaita da kakaki fa, su ma kamar sarewa suke?

Kawu na Fagge: Gida ɗaya, ɗaki daban. Sarewa iska ce ke tsagewa a gefen bakinta. Algaita tana da ɗan siririn baki mai leɓe biyu, su ke kaɗawa in an busa, shi ya sa kukanta ke da kaifi har ya keta hayaniyar hawan sallah. Kumatun da kike gani mai busa ya cika, ajiya ce: yana tura iskar da ke bakinsa yana shaƙar wata ta hanci, busa ba ta tsayawa. Kakaki kuwa, duk tsawon nan nasa, ba rami ko ɗaya a jikinsa, leɓen mai busa ne ke karkarwa. Shi kada ma ki nemi aro, na sarauta ne, ba a busa shi haka kawai. Ki ce yaran su kasa kunne ran hawa.

Ɗan Sitidiyo: Kawu, ni da nake cin abinci da fiyano, wane gida aka ba ni?

Malamin Kimiyya: Ya danganta da wanne. Na asali, babban nan na katako da aka ƙirƙira a Italiya wajen 1700, cikinsa tsirkiyoyi ne, kowane maɓalli ka danna wata 'yar guduma ce ke bugun nata. Ɗan gidan su garaya ne ke nan. Naka na sitidiyo ba tsirkiya ba fata, lantarki ne ke kaɗa lasifika. Sachs ya ƙara wa irinsu gida na biyar a 1940.

Kawu na Fagge: Gidan da in an ɗauke wuta kowa ya yi shiru.

Ɗan Sitidiyo: Kawu ka gama da ni. Akwai janareta dai.

Anti Larai: Kun manta shantu, ko don na mata ne? Ina da guda biyu tun na aurena, Maman Ilham ki aiko a karɓa. Sai dai Malam ya faɗa mana gidansa, don a cinya ake buga shi, amma tafin hannu na toshe bakin yana buɗewa.

Malamin Kimiyya: Anti kin kamo ni. Goran yana karkarwa, iskar cikinsa ma tana yi, kuma toshewar nan ita ke juya muryar. Ni na fi karkata ga iska, amma ba zan yi rantsuwa ba.

Maman Ilham: To shi zan ajiye na ƙarshe in ga abin da 'yan aji biyar za su yanke. Anti, Ilham na nan zuwa bayan la'asar. Wa ke da gwangwanin kifi wanda bai lotse ba?