Mu 12 za mu je Yankari a keke mu kwana a tanti: ina neman shawarar masana

Abu Safwan: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mu 12 ne masu hawan keke a Bauchi, muna shirin zuwa gandun dajin Yankari a makon ƙarshe na Disamba. Niyyarmu mu tashi daga cikin gari mu isa sansanin Wikki a rana ɗaya, mu kafa tanti mu yi kwana 2, sannan mu juyo. Kekunan ba iri ɗaya ba ne, 8 masu giya, 4 irin na da masu taya 28. Mutum 3 a cikinmu ba su taɓa wuce kilomita 25 a hawa ɗaya ba. Wasu sun ce mu ɗauki hayar motar rakiya, wasu sun ce kowa ya ɗaure kayansa a kariya. Tafiyar za ta yiwu a rana ɗaya? Wane kayan gyara za mu riƙe, ruwa da abinci kuma nawa? Allah ya saka da alheri.

Ɗan Alkaleri: Wa alaikumus salam. Malam Abu Safwan, gyaran farko a lissafin hanya yake. Daga Bauchi za ku bi titin Gombe wajen kilomita 40 zuwa Dindima, ku saki babban titi ku yi kudu kimanin kilomita 29 zuwa babbar ƙofa a Mainamaji. Daga ƙofar zuwa Wikki akwai sauran kilomita 42, kuma wannan zangon duk cikin gandun yake. Dajin giwa ne da ɓauna. Mota tana iya tsayawa ta ja da baya, mai keke kuwa ba shi da abin fakewa, ba shi kuma da gudun tsere wa giwar da ke tare da ɗanta. Ku ɗauka cewa hawan kekenku a bakin ƙofa zai ƙare, wato wajen kilomita 70, sauran a mota. Wannan kaɗai ya raba gardamar motar rakiya: dole ce.

Mako 3 kafin tafiya mutum 2 su je wajen hukumar gandun da takarda mai ɗauke da sunayenku da ranakun shiga da fita. Su tambayi inda aka yarda a kafa tanti, kuɗin shiga da na kwana, ko an yarda a kunna gas a wurin, da inda za a ajiye kekuna. A karɓo amsa a rubuce, domin wanda kuka yi magana da shi ba lallai shi za ku tarar a bakin aiki ba. Su kuma tambayi halin tsaron hanyar, a sake tambaya ana jibi tafiya. In ma'aikatan gandun suka ce a dakata, a dakata. Kada ku sa ranar tafiya da hanyar da za ku bi a Facebook sai kun dawo.

Sarkin Faci: Ni maganar kekunan zan yi, don nan ake yawan kunyata. Abin da ke tsayar da ayari a irin wannan hanya faci ne, kuma sanadinsa ƙaya. Da kun sauka gefen titi don ba wa tirela hanya, tsidau na nan a kwance, ga ƙayar aduwa da ta bagaruwa a inuwar da za ku so hutawa. Saboda haka in za a huta, a sauka tun a kan kwalta a ɗaga keken, kafin a sake hawa kuma a juya tayoyin a duba.

Kowane mutum ya riƙe tib 2 daidai da girman tayarsa. Ku karanta lambar da ke jikin tayar, domin 26 da 27.5 da 28 da 29 ba lallai su shiga wa juna ba. Ku duba bawul ma: akwai mai kauri irin na mota, akwai siriri, akwai irin na tsofaffin kekuna mai 'yar roba a ciki. Famfo 3 sun isa ayarin, amma a gwada kowanne a kan duk kekunan tun a gida. Famfon da bai kama bakin bawul ba kaya ne kawai.

Yadda ake facin da ba ya tashi: a gano hujin, a goge wurin da sanfefa fiye da faɗin facin, a shafa sholisho siriri, a bar shi minti 5 har ya daina sheƙi, sannan a manna a danne da ƙarfi minti ɗaya. Masu gaggawa suna mannawa tun yana ɗanye, shi ya sa yake sakin iska bayan kilomita 2. Kafin a mayar da tib a bi cikin tayar da yatsa a hankali a ciro ƙayar, in ba haka ba za ta huda sabon a wuri guda. Wurin hujin ma yana faɗa maka sanadi. In ramuka 2 ne a jere, iska ce ta yi ƙasa har gargaren ya matse tib a bakin rami, sai a ƙara iska. In hujin ta ɓangaren gargare yake, robar da ke rufe kawunan sifok ce ta goce ko ta tsinke. In kuwa tayar kanta ta yage, a ninka takardar naira 20 ko 50 ta leda a sa ta ciki, za ta riƙe har a isa gari.

Jakar gyara ɗaya ta ayari ta ƙunshi sifana 8, 10 da 15, alanki 4, 5 da 6, filaya, sukudireba, abin yanke sarƙa, mahaɗin sarƙa daidai da yawan giyar kowane keke, wayar birki 2, wayar giya 2, robar birki, sifok 6 da makullinsa, taya ɗaya ta kowane girma, da tsohon tib da aka yanka zare-zare don ɗauri. Ƙurar hunturu tana cin sarƙa. A goge ta da tsumma, a ɗiga mai mara kauri, a sake gogewa. Baƙin mai da giris suna tara ƙura ne, su zama kamar sanfefa a kan haƙora.

Kada a kai keke gyara ana gobe tafiya. A kai mako 2 kafin lokaci, a hau shi aƙalla kilomita 30 bayan gyaran, don notin da bai ɗauru ba da sabon sirdin da bai karɓi mutum ba su nuna kansu tun ana kusa da gida.

Malama Nas: Ƙanena, a kan ruwa kada ku yi rowa. Sanyin hunturu yana ɓoye ƙishirwa, busasshiyar iska na shanye gumin tun kafin mutum ya gan shi. Mai hawa yana buƙatar rabin lita zuwa kashi uku cikin huɗu na lita a kowace awa, wato wajen lita 4 a ranar tafiya. Ku 12 lita 48 ke nan, jarka 2 masu cin lita 25. A sansani ku lissafa lita 8 ga kowa a yini: 3 na sha, 2 na girki da shayi, 3 na alwala da tsarki da wanke kwanuka. Ruwan alwala ake mantawa a lissafi, sai a ga jarkar sha ta ƙare tun la'asar. Ku ware jarkar buta daban, ku sa mata alama. Duk ruwan da kuka ɗiba a can, ko ya yi garau, a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana tafarfasa, ko a sa ƙwayar tsarkake ruwa ta Aquatabs yadda aka rubuta a jikin takardar a jira minti 30.

Ku riƙe ORS, wato haɗin gishiri da sukari, aƙalla ƙunshi 24. In ya ƙare, lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda ya fara ciwon kai, jiri, ko jijiyar ƙafa na ɗaurewa, ya shiga mota ba musu. In ya fara ruɗewa ko magana ba kan gado, a jiƙa jikinsa a yi masa fifita a nufi asibiti.

Abin da ya fi damuna shi ne kububuwa, don yankin nata ne, kuma da dare take fita. Ba yawo da silifas bayan magariba, kowa da tocila da takalmi rufaffe, da safe a zazzage takalmin saboda kunama. In tsautsayi ya faɗa, ba a ɗaurewa, ba a tsagawa, ba a tsotsa. A cire zobe da agogo, a tallafe gaɓar da sanda kada ta motsa, a ɗauki mutumin a sa a mota. Dafinta yana hana jini daskarewa, mutum zai iya cewa ya ji sauƙi, daga baya jini ya fara fita ta dasashi. Don haka ba asfirin, ba ibuprofen, ba diclofenac, sai farasitamol. Kaltungo a jihar Gombe akwai asibitin da ya shahara kan saran maciji, amma tun kafin ku tashi ku bincika asibitin da ya fi kusa da ke da allurar dafin a ƙasa, direba ya san hanyarsa.

Sai gawayi. Dare zai yi sanyi sosai, wani zai so shiga tanti da kasko ya zuge zif. Hayaƙin da ba a gani ba a jin warinsa yana kashe mutum cikin barci. Bargo, rigar sanyi, hula da safa, da tabarma ko katifar soso a ƙasa, domin ta ƙasa sanyin ya fi shiga.

Abu Safwan: Na gode ƙwarai, mun yarda da maganar mota da tsayawa a ƙofa. To mutum 3 ɗin nan fa? Wani ya ce mu raba tafiyar kwana 2 mu kwana a Dindima saboda su.

Baban Ilham: Ban goyi bayan kwana a hanya ba, Malam. Kwana a bakin titi yana ƙara muku neman izini da gadi da ruwa, kuma bai magance matsalar ba. Abin da zai magance ta atisaye ne. Kuna da makonni: su yi kilomita 30, mako na gaba 40, sannan 50, na ƙarshe 55, a ranar hutu, a kan keken da za su tafi da shi. Wanda ya yi 55 ya tashi washegari lafiya zai yi 70. Wanda bai yi ba, ya hau zuwa Dindima ya shiga mota, a faɗa masa tun yanzu don kada ya ji an muzanta shi a hanya.

Ayari mai gauraye yana yin kilomita 13 zuwa 15 a awa. Awa 5 na tuƙi ke nan, da hutu da faci ya zama 7. Ku yi asuba ku karya, ku tashi 6:30 da gari ya waye, ku isa ƙofa wajen 1:30. Ku sa doka: in 2:30 ta yi ba a iso ba, kowa ya shiga mota daga inda yake, don a kafa tanti da sauran rana.

A titin Gombe layi ɗaya za ku yi, a hannun dama, kashi 3 na mutum 4, da tazarar mita 100 tsakanin kashi da kashi don motar da ta wuce wasu ta sami inda za ta koma. Masu rauni su bi bayan jagora kai tsaye, shi ya daidaita gudu da su. Mai jakar gyara shi ne na ƙarshe, motar rakiya a bayansa da fitilun gargaɗi a kunne. Hular kwano, riga mai haske da danja ga kowa, don hazo yana rage gani da safe. Tunda akwai mota, kada kowa ya goya jaka. Gora 2 da dabino da gyaɗa a aljihu sun isa, a ci wani abu duk minti 45.

Hajiya Mai Girki: Ɗana, girki sau 5 ne: daren farko, sau 3 a rana ta biyu, da karin kumallon dawowa. Shinkafa kilo 2 tana ciyar da 12 a zama ɗaya, taliya kuma leda 4 masu giram 500. Ku soya miya a gida ta soyu sosai da isasshen mai, ita ce ta daren farko da kowa zai iso a gajiye. Wake ya zauna a gida, yana cin gas da lokaci. Garin kwaki da ƙuli-ƙuli da kilishi da kifin gwangwani ba sa lalacewa. Tukunyar gas mai kilo 6 za ta isa, a tsaye za a ɗaure ta a mota, a kare wutar daga iska da kwano ko faranti, nesa da busasshiyar ciyawa.

Gwaggon birin Wikki sun saba da mutane, sun san leda, sun san kula, suna kuma shiga duk inda aka bari a buɗe. Abinci duka a cikin mota a kulle, gilashi a rufe, ko biskit kada ya kwana a tanti don za su yaga shi. Ba a ba su, ba a kokawar ƙwace abin da suka ɗauka, cizonsu mugu ne. Gadu ma suna yawo a sansanin, a ba su hanya. Shara a ɗaure a buhu a sa a mota. In za ku yi wanka a maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki, wadda ɗuminta ke wajen digiri 31 rani da damina, mutum 2 su zauna gadin kaya a yi karɓa-karɓa.

Ɗan Alkaleri: Ƙari kaɗan. Akwai tsando a dajin, kuma baƙi da shuɗi ne ke jawo shi, don haka ku sa tufafi masu ruwan ƙasa da dogon hannu ranar zagayen kallon namun daji. In za a loda kekuna, a kwance feda da sifana 15 a sa kwali tsakanin keke da keke, ɓangaren giya yana sama. Fedar hagu a juye take kwancewa, kada a murɗe ta da ƙarfi a cinye zaren.

Dawowa ta fi zuwa wuya. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, za ku fuskance ta daga ƙofa zuwa Dindima, daga kwarin Gongola zuwa Bauchi kuma hawa ne. Ku ƙara awa ɗaya a lissafi, ku tambayi lokacin da ake barin mota ta fita daga Wikki da safe, ku ninke tantuna ku loda komai tun dare banda kayan shayi da shimfiɗa.