Ma'ajiyar network shara ce ga database, wanda ya ji haushi ya zo

Ɗan Linux: Jama'a ku taya ni jimami. Shekara biyu database ɗinmu na PostgreSQL yana zaune a kan NVMe, diski mai sauri da ke cikin sabar, ba wanda ya taɓa kuka. Sai oga ya ce a kwashe bayanan a kai NAS, ma'ajiyar da ake isa gare ta ta network, wai backup zai fi sauƙi. Tun daga ranar, shigar da bayanan da muke gamawa nan take sai mun zauna muna kallon allo. Ma'ajiyar network shara ce, na faɗa.

Injiniya: NAS ko SAN? Ka fara sanin wanda kake zagi. NAS fayil take ba ka ta NFS ko SMB. SAN kuwa ta Fibre Channel ko iSCSI, sabar ta ga abin kamar diskinta ne. Ba uwa ɗaya ta haife su ba.

Ɗan Linux: Duk dai waya ce a tsakani.

Hajiya DBA: Ku saurara. Duk commit, wato tabbatar da ajiye canji, sai PostgreSQL ya rubuta WAL, kundin da yake fara rubuta kowane canji a ciki, ya tsaya jiran diski ya ce na ajiye. NVMe da ke cikin sabar yakan amsa tun kafin milisakan ɗaya ya cika. Idan akwai network, kowace amsa sai ta je ta dawo, kuma in kuna commit ɗaya bayan ɗaya sau dubbai, jiran nan ne yake taruwa ya zama dutse. Ɗan Linux, layinku gigabit 1 ne ko 10? Gigabit 1 ko ya mutu ba ya wuce megabait 125 a sakan. Ka gudanar da pg_test_fsync, manhajar auna saurin amsar diski, a wuraren biyu ka kawo mana lambobin.

Baba Oracle: Ni kalmar "shara" ce ta tsaya min a wuya. Oracle RAC, database ɗin da sabobi da yawa suke gudanarwa tare, ba ya ma tashi sai da ma'ajiyar da sabobi suke rabawa. Yaro, ranar da motherboard ɗinka ya ƙone da diskin a cikinsa, za ka san wace ce shara.

Ɗan Linux: Baba da girmanka, ai akwai replication. Sabar ta biyu tana nan tana karɓar WAL.

Baba Oracle: Kun taɓa gwada juyawa kanta ko dai a takarda take?

Mai MySQL: Da MySQL kuka saka da duk wannan bai faru ba.

Injiniya: InnoDB, injin ajiyar MySQL, shi ma fsync yake yi, wato jiran diski ya ce na ajiye, a kowane commit in ba ka taɓa saitinsa ba. Kai dai kana neman inda za ka sa baki ne.

Mai MySQL: Ni nake neman baki? Kai da ka zo koya wa mutane haruffa, NAS, SAN, kamar muna aji ɗaya na firamare.

Injiniya: Wanda bai san bambancinsu ba ai aji ɗaya ya dace da shi.

Shehu Cloud: Abin dariya, duk mai zagin network yana amfani da EBS, diskin cloud na Amazon, wanda shi ma ta network yake. A Amazon ɗin, diskin da ke manne da injin kuwa, ka tsayar da injin bayanan su tafi.

Baba Oracle: To ka ji. Ya janye "shara" mu wuce.

Ɗan Linux: Ban janye ba. Shara mai tsada ce ma.

Hajiya DBA: Har yanzu ban ga lamba ko ɗaya ba.

Admin: To a tsaya haka. Abin da na fahimta: masu ilimin cikinmu sun nuna cewa SAN ce ginshiƙin duk kamfani mai hankali, kuma mu da muka yi shekaru muna kula da ita mun san haka tun tuni. Maganar NVMe ta masu ƙananan ayyuka ce. An rufe zancen.

Ɗan Linux: Hajiya yanzu na leƙa bayan NAS ɗin. Gigabit 1 ne, kuma wayar ta bi ta switch ɗin da printa take.

Mai MySQL: Admin, amma ka ga abin da Injiniya ya ce min ko?