Wane kiɗa zan sa wa littafina na kome?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta, shawara nake nema. Na kammala littafina, ina so in karanta shi da muryata in ɗora a YouTube, don masu bibiyata sun ce sun fi son su sa a kunne suna aikin gida. Soyayya ce mai barkwanci. Wani tela ne a Tudun Wadan Zariya ya yi wa matarsa saki ɗaya kan rigimar da ba ta taka kara ta karya ba. Bayan shekara 6 ya dawo neman kome, sai ya tarar da layi: ga Alhaji mai gidan mai, ga malamin makarantar 'yarsu, ga kuma gwaggonta da ta rantse ba zai ƙara taka zauren ba. Dole ya sake toshi kamar sabon saurayi. 'Yarsu mai shekara 9 ce 'yar aike, kuma kowane ɓangare sai ya ba ta na alawa.

Matsalata kiɗa. Waƙoƙin soyayya na fim da na ɗora a ƙarƙashin karatun sun mayar da labarin kamar na 'yan sakandare, alhali mutanen nan sun haura talatin, sun san halin juna ciki da bai. Wane kiɗa ya dace, kuma a ina zan sa shi?

Anti Bilki: Wa alaikumus salam ƙanwata. Da farko ki cire duk kiɗan da ke da waƙa a ciki. Kina magana, mawaƙi yana magana, kunne ɗaya ne, wa za a saurara? Kuma waƙoƙin nanaye yawanci zancen farkon haɗuwa suke yi, na gan ki na kamu, idonki kaza, tafiyarki kaza. Telanki ya wuce nan, ya san tana minshari. Ki nemi ɗan kiɗa guda ɗaya gajere ki mallaka musu su biyu. Ki sa shi inda suke tuna amarcinsu, ya ɓace tun daga babin saki, kada a sake jin sa sai ranar da ta fara yi masa dariya ba da niyya ba. Mai sauraro zai gane ta sauko tun kafin ita ta gane.

Malam Sule mai situdiyo: Hajiya, maganar Anti Bilki haka take, amma bari in ƙara da abin da mutane ke mantawa. Kayan kiɗanmu kowanne da masu shi, kuma kunnen Bahaushe ya sani ko da bai taɓa zama ya yi tunani a kai ba. Kakaki da algaita na fada ne. Kotso na mawaƙan sarakuna ne. Dundufa ta maƙera, garaya ta mafarauta da 'yan bori, kalangu asalinsa na mahauta ne kafin ya shiga kowane biki. Idan kika sa goge a wurin da miji ke ba matarsa haƙuri, dattijuwar da ke saurare wani waje dabam hankalinta zai tafi.

To a nan barkwancinki yake kwance. Duk sanda motar Alhaji ta tsaya a ƙofar gida, a busa algaita na daƙiƙa uku kamar sarki ya fito. Tela kuma in ya iso a kan babur ɗinsa, a ba shi kuntigi, mai tsirkiya ɗaya, irin wanda marigayi Ɗan Maraya Jos ya yi suna da shi. Da gwangwanin kifi ake haɗa shi a rufe da fata, sautinsa siriri ne, kuma Ɗan Maraya talakawa da masu ƙananan sana'o'i ya fi yi wa waƙa da shi, don haka da an ji an san waye ya zo. Ba ki ce komai ba, an riga an yi dariya.

Kalangu kuwa magana yake. Makaɗi yana matse tsirkiyar a hammata, sauti ya hau ko ya sauka yadda muryar Hausa ke yi. Idan gwaggo ta jefa habaici, ki yi shiru, kalangu ya maimaita abin da ta faɗa. Sau biyu ko uku a duk littafin ya isa, in ya yi yawa ya zama wasan yara.

Ɗan Funtuwa: Ni dai kada a manta da kiɗan ƙwarya. Duk wurin da mata suka taru a tsakar gida suna yanke wa tela hukunci, amada ce ta dace. Mu da muka tashi muna jin Hajiya Barmani Choge, Allah ya jiƙanta, mun san habaicin mata da zancen a tashi a nemi na kai a cikin wannan kiɗa suke zaune. Matar nan shekara 6 tana riƙe da kanta, ai ta cancanci a buga mata ƙwarya.

Yaya Nura: Ku yi haƙuri, zan saɓa muku. Masu sauraron littafi a waya yawanci 'yan mata ne da matan aure masu ƙuruciya, da fiyano da sarewa irin ta fim suka saba. Aka cika musu kunne da kuntigi da ƙwarya za su ɗauka shirin gargajiya ne na rediyo, su wuce.

Anti Bilki: Nura, ba wanda ya ce a yi awa guda ana kiɗa. Ɗigo ne nan da can. Amma na yarda da kai a wuri ɗaya, kiɗan su biyun nan zai iya zama fiyano mai sanyi, ko gurmi irin na Haruna Uji in ana son ƙamshin da. Su na gargajiyar a bar su ga dariya.

Ummu Khalil: 'Yar uwa, wata fuska zan duba. Tunda saki ɗaya ne kuma idda ta daɗe da cika, ba shi da ikon ya ce na mayar da ke. Sai sabon ɗaurin aure, da sadaki, da waliyyi, da yardarta. Wuƙa da nama suna hannunta. Don haka kada ki sa kiɗan ban tausayi duk lokacin da yake roƙo, za ki tilasta wa mai sauraro ya ga kamar ita ce mai taurin zuciya. Babin da ya zo ya amsa laifinsa ki bar shi babu kiɗa ko kaɗan, a ji ko maganarsa za ta iya tsayawa da ƙafarta.

Sannan akwai irinmu da ba ma sauraren kiɗa. In da hali ki fitar da kashi biyu, ɗaya muryarki zalla.

Abban Hanif: Kowa ya yi zancen daɗi, ni zan yi na kuɗi. Kada ki ɗauko kiɗan wani daga intanet ki ɗora. YouTube na da manhajar da ke gane sautin da mai shi ya yi wa rajista, kuma tana iya karkatar da kuɗin tallar bidiyonki zuwa gare shi ko a toshe shi gaba ɗaya. Rasuwar mawaƙi ba ta sa waƙarsa ta zama ta kowa, akwai magada. Sunayen da aka ambata a sama salo ne za ki nuna wa makaɗi, ba faifansu za ki yanka ba. Ki ɗauki mai kalangu da mai kuntigi yini ɗaya a situdiyo, ku rubuta a takarda cewa abin da aka naɗa naki ne, kowa ya sa hannu.

Hajiya ta Maraɗi: Mu a nan da yawa ba a YouTube muke ji ba, tura mana ake ta WhatsApp ko a kati, a ƙaramar waya. Lasifikarta ba ta fitar da kiɗa mai kauri, sai ƙara. Kafin ki saki ki gwada a irin wannan waya, kina wanke-wanke famfo na zuba. In kalma ɗaya ta ɓace miki, kiɗan ya yi yawa.

Maman Ilham: Allah ya saka da alheri, na kwashi abin da ya fi kuɗi. Algaitar Alhaji ta zauna, babin ban haƙuri kuma babu kiɗa. Saura 'yar aiken, me zan ba ta? Kuma Malam Sule, shagon telan fa?

Malam Sule mai situdiyo: Shago ba ya bukatar makaɗi. Ki je wurin tela mai keken ƙafa ki naɗi ƙararsa da wayarki, sau ɗaya yana ɗinki a natse, sau ɗaya yana sauri kamar daren sallah. Na farkon don ranar da ta amsa gaisuwarsa, na biyun don ranar da ya ji Alhaji ya kai kaya. Yarinyar kuma tafin gaɗa ya ishe ta. Ki tara 'yan mata uku na unguwa su tafa miki, amma ki tanadi alawarsu tun daga gida, don su ma ba za su yi kyauta ba.