Aikin sikanin: wane karatu ake buƙata, kuma me ake yi a ɗakin?

Hauwa_J ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekara huɗu ke nan ina sashen masu juna biyu. Kusan kullum ni ke raka mata ɗakin sikanin, in tsaya a gefe ina kallon allo. Ni dai fari-fari da baƙi-baƙi kawai nake gani, amma matar da ke riƙe da na'urar sai ta ɗan karkata hannu ta ce "ga kai, ga ƙashin baya, ga zuciya tana bugawa", kuma da ta nuna sai abin ya fito min sarai. Aikin ya shiga raina, har na fara tunanin komawa wannan fanni gaba ɗaya.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne, wani abokin aikina ya ce kwas na sati biyu ya isa, wai ai shafa jel ne da danna maɓalli. Wata kuma ta ce sai na koma makaranta na yi shekara biyu ko fiye. Wanne zan kama? Bayan duba masu ciki, me aikin ya ƙunsa? Sannan ina da fargaba ɗaya: tun a makaranta fiziks ya ba ni wahala, kuma an ce akwai shi a ciki sosai. Don Allah duk wanda ke cikin aikin ya faɗa min gaskiya ko da ɗaci.

Anti_Binta ta rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Shekara 14 ina zaune kan wannan kujerar, bari in faɗa miki abin da na gani da idona.

Sati biyu zai ishe ki ki san inda ake kunna na'ura da sunayen maɓallai. Idon da zai gane abin da ke kan allo kuwa, da hannun da zai nemo shi, su ne ke cin shekaru. Dalilin yana cikin yadda hoton ke fitowa. In aka ɗauki hoton ƙirji da eksire, faifan na ɗauke da ƙirjin baki ɗaya, likitan hoto zai zauna daga baya ya duba ko'ina. A sikanin ba haka ba ne. Sautin da na'urar ke aikawa yana shiga jiki ne siriri kamar yankan wuƙa, ke ce za ki riƙa zagaya shi cikin hanta ko mahaifa, yanki bayan yanki, kuma abin da kika tsayar kika adana shi kaɗai zai kai gaban likita. Wurin da hannunki ya tsallake, babu wanda zai sake ganinsa. Takarda za ta fita da cewa lafiya lau, majinyaci ya tafi gida da ciwonsa.

Ya taɓa faruwa da ni a shekarata ta biyu. An kawo wani magidanci mai ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ciwon kan taso masa bayan ya ci abinci. Na kwantar da shi rigingine, na duba matsarmama, na gan ta baƙa wuluk, wato ruwa zalla, babu komai. Na adana hotuna, har na ɗauko tsumman goge jel. Sai babbarmu ta leƙo, ta kalli allo, ta ce min, "Binta, kin juya shi?" Ban juya shi ba. Muka kwantar da shi kan gefen hagu, muka ce ya ja numfashi ya riƙe. Iskar hanjin da ta tare wuyan matsarmamar ta gusa, sai ga dutse mai milimita 6 ya gangaro, fari tas, da baƙar inuwarsa miƙe a ƙarƙashinsa. Gabana ya faɗi. Minti ɗaya ya rage in sallami mutumin. Tun daga ranar ban sake duba matsarmamar kowa a kwanciya ɗaya ba.

Aikin yini kuwa, tun kafin a taɓa na'ura yake farawa. Za ki karanta takardar da likita ya aiko ki fahimci abin da yake nema. Ki tabbatar da sunan majinyaci, don mutum biyu masu suna ɗaya kan haɗu a layi ɗaya. Ki tambaye shi ko ya yi awa shida bai ci komai ba in ciki za a duba, saboda abinci na sa matsarmama ta tsuke, hanji kuma ya cika da iska. In mara ce za a duba ta kan fata, sai mafitsara ta cika, domin ta cikinta sauti ke ratsawa ya kai mahaifa. Ki yi wa mutum bayanin abin da za ki yi, ki nemi yardarsa, ki rufe shi da zane, a buɗe iya wurin da za a duba. Kada ki raina wannan. Wanda ya saki jiki ya fi sauƙin dubawa nesa ba kusa ba.

Tunda daga sashen masu ciki kike, ga misali daga can. A watanni ukun farko ana auna ɗan tayi daga tsakar kai zuwa mazauni, kuma wannan awon ne ya fi kowane daidai wajen ƙiyasta ranar haihuwa. A makonnin farko ɗan tayi kan ƙaru da kusan milimita 1 a rana, don haka in kika ɗora alamar awo a karkace da milimita 3, kin gusar da lissafin cikin da kwanaki. Tsakanin sati 18 zuwa 22 ake yin dogon dubawa: ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa, ƙashin baya daga sama har ƙasa, ɗakuna huɗu na zuciya, tumbi, ƙoda biyu, mafitsara, hannuwa da ƙafafu, mazaunin mabiyiya, da yawan ruwan mahaifa. A auna faɗin kai, kewayen kai, kewayen ciki da tsawon ƙashin cinya. Duk wannan kuma yaron na motsi, wani lokaci ya juya miki baya ya ƙi sakin zuciyar sai kin sa uwar ta tashi ta zagaya ta dawo.

Banda ciki akwai hanta, saifa, ƙoda, nono, maƙogwaro, marainan maza, kan jarirai, jijiyoyin jini da zuciya. Da kin gama ki rubuta abin da kika gani, ki tsabtace kan na'urar kafin na gaba ya shigo. Kan na'urar da ake sakawa ta farji ana sa masa rigar kariya, kuma duk da rigar sai an kashe masa ƙwayoyin cuta da magani mai ƙarfi bayan kowace mace. Sannan akwai abubuwan da ba a cewa majinyaci ya koma layi da su: ciki a wajen mahaifa da jini kwance a mara, ko gudan jini a jijiyar cinya. Waɗannan ki ɗaga waya ki kira likita majinyacin na kwance a gabanki.

Malam_Kabiru ya rubuta:

Hajiya Binta ta gama magana kan aikin, ni bari in taɓo takardu, tunda koyarwa nake yi.

Malama Hauwa, kowace ƙasa da tsarinta, saboda haka abu na farko shi ne ki nemi hukumar da ke yi wa ma'aikatan hoton asibiti rajista a inda kike, ki ga kwas ɗin da ta amince da shi kafin ki biya ko sisi. Zan ba ki misalai biyu don ki ga girman abin. A Amurka yawanci ana yin karatun shekara biyu, wasu su yi digirin shekara huɗu, waɗanda kuma suka riga suka zama ma'aikatan lafiya suna da gajeren zango na wajen shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Hukumar CAAHEP ke tantance kwasa-kwasan, hukumar ARDMS kuma ta yi jarrabawa. Sai mutum ya ci jarrabawar fiziks da sanin na'ura, wadda suke kira SPI, ya kuma ci ta fannin da ya zaɓa, sannan ya samu shaida: RDMS ga ciki da masu juna biyu, RDCS ga zuciya, RVT ga jijiyoyin jini. A can mai sikanin kan miƙa hotuna da bayaninsa, likitan hoto ne ke yanke magana ta ƙarshe. A Birtaniya akasarinsu sai sun fara zama ma'aikatan hoto ko ungozomomi, sannan su yi karatun gaba da digiri wanda hukumar CASE ta tantance, kuma da yawansu su ke rubuta rahoton da kansu. Abin da duka biyun suka haɗu a kai shi ne watanni na aiki a asibiti ƙarƙashin idon ƙwararre. Duk kwas ɗin da ba shi da wannan, ki bar shi.

Batun fiziks, ki kwantar da hankalinki. Ba irin na allo da dogayen lissafi ba ne, abu ne da za ki gani yana faruwa a hannunki. Kunnen mutum ba ya jin sautin da ya wuce kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, mu kuwa muna aiki da miliyoyi. Kan na'urar na aika sauti, ya saurari amsa-kuwwarsa. Na'urar ta ɗauka cewa sauti na tafiyar mita 1,540 a daƙiƙa cikin naman jiki, da wannan take lissafa zurfin kowane abu daga lokacin da amsar ta ɗauka kafin ta dawo. Jel ɗin da abokin aikinki ya raina, amfaninsa korar iska tsakanin na'ura da fata, domin iska na mayar da kusan duk sautin baya. Sauti mai yawan kaɗawa na ba da hoto tar amma ba ya nisa, shi ya sa ake duba wuya da miƙaƙƙen kai mai megahaz 10 ko fiye (megahaz ɗaya kaɗawa miliyan ɗaya ne a daƙiƙa), a duba hanta da lanƙwasasshen kai mai megahaz 2 zuwa 5.

Dalilin da ya sa muke matsa wa ɗalibai a nan shi ne na'urar kan nuna abin da babu shi. Wani lokaci za ki ga hanta ta sake bayyana a saman tantanin da ya raba ƙirji da ciki, alhali hoton madubi ne kawai. Wanda bai san dalili ba sai ya rubuta ciwo. Akwai kuma ƙa'idar rage ƙarfin sauti da lokacin dubawa iya yadda zai yiwu, musamman in an kunna Dofla, wato salon duba gudanar jini, a kan ƙaramin ciki. Fannin ma ba tsoho ba ne: a 1958 likita Ian Donald da abokan aikinsa a birnin Gilasgo na Birtaniya suka wallafa aikinsu kan duba ƙullutun ciki da sauti, kuma ɗaya daga cikinsu, Tom Brown, injiniya ne.

Jinyar da kika yi jari ce babba. Kin san sassan jiki, kin iya magana da mara lafiya, kin san fuskar macen da jini ke zuba a cikinta.

Sadiq_eko ya rubuta:

Yaya Hauwa, abu ɗaya zan ƙara wanda ba a faɗa min ba lokacin da na shigo. Aikin nan yana cin kafaɗa. Ni zuciya da jijiyoyi nake dubawa. In ana neman gudan jini a ƙafa, danna jijiyar ake yi da kan na'ura tun daga matsematsi har bayan gwiwa, a ga ko za ta lotse; in ta ƙi lotsewa, alamar gudan jini ce. Ki yi haka ga mutum goma a yini, hannunki a miƙe, wuyanki a karkace wajen allo. A shekarata ta biyar sai da na kai ba na iya kwanciya kan kafaɗar dama, na yi watanni ana min gashi. Tun ranar farko ki koyi jawo majinyaci kusa da ke, ki daidaita tsayin gado da kujera, gwiwar hannunki na kusa da jikinki, allo na daidai idonki. In za ki iya koyon riƙe na'urar da kowane hannu, dama ko hagu, ki koya.

Hauwa_J ta rubuta:

Allah ya saka muku da alheri, na gode ƙwarai. Maganar sati biyu na ajiye ta. Anti Binta, tambaya ɗaya ta rage min, ita ce ma ta fi damuna. In kika ɗora na'ura kika ga zuciyar yaron ba ta bugawa, uwar kuma na kallon fuskarki, me kike yi?

Anti_Binta ta rubuta:

Ƙanwata, kin taɓo inda ya fi nauyi. Har yau in ya faru sai na ji shi a ƙirjina.

Abu na farko, ba na gaggawa. Ina dubawa ta fuska biyu, in ƙara girman hoton, in tsaya a kan ƙirjin yaron in jira. In ƙaramin ciki ne sosai, mai yiwuwa lokacin ganin bugun ne bai yi ba, akwai awon da sai ɗan tayi ya kai shi kafin a yanke hukunci, in bai kai ba a sake dubawa bayan sati ɗaya ko fiye. Sannan ina kiran wani ƙwararre ya duba da nasa idon. Wanda zai faɗa wa uwar kuwa, ya danganta da dokar wurin aikinki. Wani wurin mai sikanin ke faɗa, wani wurin dole sai likita. Ki san wannan tun ranar da kika fara.

Abin da ba na yi ko kaɗan shi ne in ce mata "ba komai" don in kuɓuta daga idonta. Tun farkon dubawa nakan gaya wa kowace mace cewa zan yi shiru na ɗan lokaci ina aiki, don kada shiruna ya firgita ta. Wata rana wata baiwar Allah, cikinta na sati 20, ta kama wuyan hannuna, na'urar na kan cikinta, ta ce, "Anti, kin daɗe a wuri ɗaya." Na ajiye na'urar, na goge mata jel, na rufe ta, na ce akwai abin da ya dame ni, zan kira likita yanzu mu duba tare, ba kuma zan bar ta ita kaɗai ba. Na aika a shigo da mijinta. Na zauna a bakin gadon, hannunta a cikin nawa, har likitan ya turo ƙofa.