Ɗaura duwi na ampul: abin da masu aikin wuta a Maradi suka ce

Abu na farko da bakinsu ya zo ɗaya a kai: a kashe disjonktar, wato babban makunnin da ke yanke wutar gida, ba makunnin bango kaɗai ba, sannan a taɓa waya da testa, abin gwada wuta, don a tabbatar babu wuta a jikinta. Wutar NIGELEC, kamfanin wutar Nijar, volt 220 ce, tana kisa.

Inda aka fi daɗewa shi ne kan wayar da ke ɗauke da wuta, galibi ja ko ruwan ƙasa. Ita ce za ta bi ta makunni, ta ƙare a ɗan ƙarfen da ke tsakiyar gindin duwi, wato mazaunin ampul, irin mai murɗawa da ake kira E27. Shuɗiyar waya kuwa ta tafi jikin zoben ƙarfen da ake murɗa ampul a ciki. In an juya su ampul zai kama lafiya lau, shi ya sa kuskuren ke ɓuya, amma zoben na da wuta, mai canza ampul yana iya taɓa shi. Kada a dogara da launi a tsofaffin gidaje, an sha haɗa su barkatai.

Waya mai kauri 1.5 mm² ta isa fitila. A feƙe kamar santimita 1, a murɗe silin tagullar, a ɗaure sukurun tam. Sako-sako ke kawo zafi, robar ta narke ta yi baƙi. Duwin tsakar gida kuwa a sa mai murfi saboda damina.