Baƙo Ya Tambayi Kanawa: Ina Dalar Gyaɗar?

Baƙo daga Funtuwa:

Assalamu alaikum. Wata uku ke nan da aiki ya dawo da ni Kano. Mahaifina ya yi dakon gyaɗa a garin nan yana saurayi, don haka ranar Asabar na fita da ƙafa in ga wuraren da yake ambata. Ga abin da na dawo da shi, ina roƙon manya su amsa mini.

Na zo Kano da iyali na kama ɗakin haya,
A Fagge, zangon fatake tun zamanin can baya.

Mahaifina ya sha ba mu labari muna ƙanana,
Cewa ya ga dalar gyaɗa tana neman taɓa samaniya.

Ya ce buhu ake ɗorawa kan buhu har a kai tsororuwa,
Jirgin ƙasa ya kwashe zuwa Ikko, na ruwa ya kai Birtaniya.

Na je tashar da hantsi na tsaya ina dube-dube,
Tsofaffin taragai sun yi tsatsa, ciyawa ta fito a tsakiya.

Na bi ta Gidan Waya na ratsa layin manyan kantuna,
Benayensu sun koɗe, wasu sun koma sito na ajiya.

Na tambayi wani yaro silimar da Baba ke zuwa,
Ya dube ni sheƙeƙe, sannan ya fashe da dariya.

An ce baƙo makahon gari ne, shi ya sa nake tambaya,
Wa ya kwashe wannan arziki, kuma ta wace hanya?

Tsohon ma'aikacin masaƙa:

Ɗana, barka da zuwa, Allah ya sa ka sauka lafiya,
Ka tambayi wanda ya gani, zan amsa maka bisa gaskiya.

Dogo ya iso Kano a 1911, Turawa na kwaɗayin auduga,
Sai manomi ya auna farashi, ya ga gyaɗa ce dukiya.

Alhassan Ɗantata da irinsa suka baza wakilai ƙauyuka,
Raƙuma da jakuna na shigowa da lodi tun sassafiya.

Dalar da mahaifinka ya gani, jiran tarago ne ya tara ta,
Domin gyaɗar ta fi ƙarfin jirgin da zai yi tafiya.

Fari ya zo a 1973 ya ƙone gonaki ƙurmus,
Cutar gyaɗa ta biyo a 1975, manomi ya juya baya.

Kuɗin fetur ya shigo, hukuma ta manta da garma,
Ni kuwa na shiga masaƙa a Bompai da ƙarfi da zuciya.

Daga nan har Sharaɗa da Challawa kekuna ne kamar tururuwa,
Sau uku ake canjin aiki, kowa na jiran kukan jiniya.

Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira,
Kayan gyaran inji suka yi tsada, lantarki ya zama abin kunya.

Atamfar waje ta kwararo da arahar da ba mu iya ba,
Wata ta tashar ruwa, wata ta ɓarauniyar hanya.

Ranar da aka sallame mu na tsaya a bakin ƙofa har la'asar,
Yau wurin sito ne, ana jibge abin da aka saƙa a Asiya.

Hajiya daga Ƙofar Mata:

Malam ya yi kuka mai dalili, sai dai ya fara ƙirga daga zuwan dogo, kamar kafin nan babu Kano. Ku yi mini afuwa, zan sauya amsa-amo.

Ɗana, ka zaga bayan badala ka ce ka ga Kano,
Alhali ƙafarka ba ta taka ko ƙofa ɗaya ta shiga birni.

Wurin da ka zaga Turawa da Kwara 'yan Labanan ne suka raya shi,
Kasuwar Kurmi kuwa ta girme shi da ƙarni kan ƙarni.

Muhammadu Rumfa ya kafa ta, shi ya gina gidan sarauta,
Kuma tun 1498 ake tsoma zane a Ƙofar Mata cikin shuni.

Bature Barth da ya zo a 1851 ya rubuta da hannunsa,
Cewa har Tumbuktu da Tarabulus ake kai saƙarmu da rini.

Ban ce muna nan kamar da ba, rijiyoyi da yawa sun cike,
Yaranmu sun fi son jan Adaidaita Sahu da zaman karofi yini.

Badalar da ta tsare kakanninmu ma mu muka cinye ta,
Wani ya ɗebi ƙasa ya yi bulo, wani ya yanka ya kafa gini.

Wani matashi daga Kantin Kwari:

Iyayena, za ku sa baƙo ya ɗauka makoki ake a gari,
Alhali ko da me ka zo an fi ka, shi ne har yau kirari.

Ya zo Kwari da hantsi ya ga ko zai sami wurin sa ƙafa,
Mutanen Nijar da Chadi da Kamaru duk a nan suke yin sari.

Ya leƙa Singa, ya wuce Dawanau inda ake auna hatsi da riɗi,
Kasuwa ba ta mutu ba, ta tashi ne ta sauya wuri.

Tsohon ma'aikacin masaƙa:

Yaro, Allah ya ƙara kasuwa, ba ni da ja a kan cinikinka,
Amma juya bakin atamfar hannunka ka karanta mini sunan gari.

A da mu ke saƙawa ku sayar, kuɗin ya kwana a unguwa,
Yanzu la'ada muke ci, mai masaƙa na ƙetare yana samun ƙari.

Baƙo daga Funtuwa:

Na gode, iyaye da ɗan'uwa, na karɓi gyaran Hajiya,
Ashe zauren na tsaya, ban kai ga tsakar gidan alƙarya.

Asabar mai zuwa zan shiga birni in Allah ya yarda,
Ta wace ƙofa zan bi daga Fagge don kada in sha wuya?

Hajiya daga Ƙofar Mata:

Ka shigo ta Ƙofar Mata da safe kafin rana ta yi ƙarfi,
Marinar tana nan kusa da Asibitin Murtala, kowa ya sani.

Ka taho da farin yadi na maiɗakinka a tsoma a baba da toka,
Ka wuce Kurmi ka dawo, ka tarar ya fara kama launi.