Bulus da Yakubu a Kan Barata

Ɗalibin tauhidi: 'Yan'uwa, wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa 3:28 ta ce ana baratar da mutum, wato ana karɓarsa a matsayin mai adalci a gaban Allah, ta wurin bangaskiya ba tare da ayyukan Shari'ar Musa ba, alhali Yakubu 2:24 ta ce ba ta bangaskiya kaɗai ba. Yaya za a daidaita su?

Dattijon ikkilisiya: Ɗana, Bulus yana magana ne kan tushen ceto, wato mutuwar Almasihu a kan gicciye domin kafarar zunubi, Yakubu kuwa yana tsawata wa wanda ke furta bangaskiya da baki, ya sallami ɗan'uwansa mayunwaci da fatan alheri kawai.

Malama Bakatolika: Baba, a ganina bayanin bai cika ba. Majalisar Trent, wato babban taron shugabannin ikkilisiyar Katolika, ta koyar a 1547 cewa barata ta haɗa har da sabunta zuciya.